Injin da Kawu Ya Yanko Daga Tiren Mama

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, gidansa na unguwar Rikoto a Zuru ya yi mana kaɗan. Matan zumunta na coci sun cika tsakar gida, suna waƙa a hankali kamar masu lallashin jariri. A waje, ƙarƙashin itacen mangwaro, dangin babana sun shimfiɗa tabarmi da butocinsu a gefe, suna karɓar gaisuwa irin tamu ta Musulmi. Tsofaffin sojoji, abokan tasowarsa, sun jeru a benci da sandunansu tsakanin gwiwoyi. Ga kuma ɗalibansa, wasu da furfura, wasu da goyo, kowa ya buɗe baki sai ya ce, "Malam Fiziks ya tafi."

Innata, wadda ita ce ƙanwarsa, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Amma matarsa, wadda duk muke kira Mama, tana zaune a ƙofar ɗakinta fuska a sake. Tana tambaya ko an ba baƙin da suka zo daga garin Bena abinci, tana tuna wa yara su ƙaro ruwa a randa. Har murmushi na ga ta yi wa wata jikarta. Wata tsohuwa ta jawo gefen gyalena, ta raɗa mini, "Ke ɗiyar nan, lafiya matar kawunki take? Tun safe nake kallonta, ko ɗigon hawaye ban gani ba." Ta kusa da ita ta ce, "Gajiya ce, jinya ta shanye hawayen." Wata kuma ta taɓe baki, wannan kuwa ya fi maganar sauran ciwo.

Inna ta ji su. Ta share fuska da bakin zane ta ce, "Ku ƙyale ta. Ba ku san abin da Allah ya yi mata ba kafin ya ɗauke shi."

Ni na sani, domin a gabana aka yi. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don masu zuwa gaisuwa su san irin mutumin da muka rasa, su kuma san dalilin da ya sa mu na cikin gida muke jin zukatanmu sakayau, duk da kewar da ke cinmu.

Kawu dogo ne siriri, mai tafiya da sauri kamar kullum an buga ƙararrawa ya makara. Aljihun rigarsa ba ya rabuwa da alli da ashana, ko da yake bai taɓa shan taba ba. Idan ya bi ta kasuwa, idonsa a ƙasa yake. Tsohuwar waya, wayar ƙafar keke, murfin gwangwani, duk sai ya tsince ya kawo gida. Mama takan ce ta auri malami sai aka kawo mata ɗan bola. Shi kuma ya ce, "Ɗiyar Manga, makarantarmu ba ta da ɗakin gwaji, to Zuru duka ita ce ɗakin gwajina." Haka yake kiranta, Ɗiyar Manga, saboda can ne garinsu. Tunda nake ban taɓa jin sunanta na yanka a bakinsa ba.

A gidansa na yi sakandare. Ranar da Inna ta kawo ni, shi da yake Kirista, da kansa ya je ya sayo mini buta da darduma, ya tsaya a tsakar gida ya duba rana, ya nuna mini gabas. Idan azumi ya zo, ba mai cin abinci a gabana a gidan nan, har shi.

Yana da wata ɗabi'a da tsakar rana. Muna cikin cin abinci, kwanon rufin ɗaki zai fara ƙas, ƙas, sai ya ɗaga yatsa da loma a hannu ya ce, "Shiru! Ku saurara. Kwano yana miƙa." Dole kowa ya tsaya. Ya ce rana ce ta taɓa shi ya ƙara tsawo, ƙusa kuma ta riƙe shi, shi ne yake ƙorafi. Da yamma idan ya sake ƙara, ya ce, "Ya koma gida." Har yau, a ɗakin aurena, in kwano ya yi ƙara sai na tsinci kaina na dakata da abin da nake yi.

A aji kuwa ba ya fara darasin zafi da rubutu a allo. Sai ya ɗaure doguwar waya daga taga zuwa taga, ya ja ta ta yi tsam, ya rataya dutse a tsakiya, ya ja layi da alli a bango daidai inda dutsen ya tsaya. Sa'an nan ya raba mana guntayen kyandir, mu jeru ƙarƙashin wayar muna gasa ta. A hankali dutsen zai sauko ƙasa da layin. Ya ce, "Ku hure." Mu hure kyandir, mu zuba ido. Dutsen ya fara hawa da kansa, ba mai taɓa shi, har ya koma kan layinsa.

"Wa ya ɗaga dutsen nan?" in ji shi.

Wani daga baya ya ce, "Aljanu, Malam."

"To aljanun nan su ne ke tura motar da ta kawo ubanka daga Kontagora. Ƙarfe ya sha wuta ya miƙe, ya huce ya tsuke, a tsakanin miƙewa da tsukewa ya ɗaga kaya. Duk injin da ke cin wuta a duniya, dabararsa ke nan. Wani iska yake dumamawa, wani tururi, mu kuma talakawa waya muka samu."

Ni a lokacin hankalina rabi yana aji, rabi yana cikin littattafan soyayya da muke karɓar haya a bakin kasuwa. Wata rana ya buɗe littafina na Fiziks ya tarar da ɗaya a ciki. Na sadaƙar zan sha bulala. Sai ya sa shi a aljihu ya wuce. Da aka kwana biyu ya kira ni gindin mangwaro ya miƙo mini abina.

"Na karanta," ya ce. "Yarinyar tana da hankali. Amma yaron nan da ke cewa zuciyarsa ta narke, ki tambayar mini shi a wane zafi ta narke, don ko dalma sai an wahala."

Na rufe fuska ina dariya. Ya ce, "Ki karanta abinki, ɗiyata. Wanda ke karatu ba ya ɓata mini rai. Amma ki riƙa ba ni nawa lokacin." Tun daga ranar nake zama a layin gaba.

Abin da ɗalibansa suka fi tunawa shi ne injinsa. Sau ɗaya yake fito da shi a shekara, kuma kullum a lokacin sanyi, a darasin farko na safe, tagogi a buɗe. Ba mu taɓa tambayar dalili ba, mun ɗauka cikin tsarabe-tsarabensa ne. Abin ba shi da girma, a kwali yake zuwa a bayan kekensa. Wata 'yar sanda ce a kan ƙusa, tana rinjaya hagu da dama kamar sikelin masu awo. A gefe ɗaya akwai wani siririn ƙarfe mai fuska biyu, sama baƙin ƙarfe, ƙasa tagulla, maƙeri ya haɗa su da ƙananan ƙusoshi, da ɗan nauyi a bakinsa. Sai ya kunna ƙaramar fitilar gwangwani a ƙarƙashi. Tagulla ta fi baƙin ƙarfe miƙewa in sun ji wuta, kuma an ɗaure su tare, ba mai iya barin wani, don haka sai su lanƙwashe. Da sun lanƙwashe nauyin ya gusa, sikelin ya rinjaya, ƙarfen ya tashi sama ya bar wutar. Can sama ya huce, lanƙwasar ta miƙe, ya sake sunkuyowa kan fitila. Duk rinjaya ɗaya, sai ya tura wata ƙaramar ƙafa mai haƙora da Kawu ya ciro daga bayan tsohon keke, ta naɗe zare, zaren ya ja gwangwanin tumatir cike da yashi sama kaɗan. Ƙwas, shiru, ƙwas. Ajin da ba ya jin tsawa sai ya yi tsit.

Ni da na ga ƙarafan nan biyu masu hali daban an ɗaure su tare suna sunkuyawa suna tashi, ba Fiziks na gani ba, aure na gani. Na faɗa masa haka a gida. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kada ki rubuta wannan a jarrabawa." Mama da ke tankaɗe a gefe ta ce, "Tambaye shi inda ya samo tagullar."

A nan ne na ji labarin faɗansu, wanda duk dangi suka sani. Kawu bai samu Mama a sauƙaƙe ba. Golmo ya yi mata, wato noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya shekara da shekaru kafin a ba shi ita. Yana kwaleji a lokacin, duk hutu sai ya ajiye littafi ya ɗauki garma ya nufi Manga, abokan karatunsa na yi masa dariyar kanta a hannu. Da aka kawo ta, cikin kayanta akwai wani tiren tagulla da ta gada daga kakarta. Ba ta cin abinci a kai, gogewa kawai take yi ta jingine a bango. Suna Bena a lokacin, inda aka fara tura shi koyarwa. Ya nemi tagulla ko'ina bai samu ba. Wata rana ta dawo daga rafi ta tarar an yanke gefen tiren, tsawon tafin hannu, an jingine shi yadda yankan ba zai nuna ba.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ɗaure kayanta ta hau motar kasuwa ta yi yaji zuwa Manga. Ya aika wansa, tsohon soja, aka dawo da shi da kunya. Ya aika dattawan coci, mahaifinta ya ce wanda ya yanka tire shi zai zo da ƙafarsa. Sai ya tafi biko da kansa, ba goro, ba zane, sai injin a bayan keke. Iyakar abin da dangi suka sani ke nan: ya tafi da inji, ya dawo da mata. In an tambayi Mama abin da ya faru a can, sai ta ce, "Ku tambayi mai yankan tire." In an tambaye shi, ya ce, "Sirrin sana'a ne."

Bayan ya yi ritaya da wasu shekaru, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Jikin ya ɗan dawo, amma tunaninsa ya fara zubewa kaɗan-kaɗan. Ya manta sunayen jikoki, ya manta hanyar coci, ya manta an yi masa ritaya, yakan tashi da safe yana neman alli. Duk wannan mun iya ɗauka. Abin da ya gagare mu shi ne ranar da Mama ta kawo masa kunu ya dube ta da ladabi ya ce, "Sannu, baiwar Allah. Na gode. Don Allah ko kin ji labarin matata? Ta tafi Manga, har yanzu ba ta dawo ba."

Duk shekarun da suka yi tare, da 'ya'yan da suka haifa, da waɗanda suka binne, sun goge daga kansa. Ya tsaya cak a kwanakin yajin nan. A wurinsa matarsa tana can tana fushi, shi kuma ga shi a kwance ya kasa zuwa biko. Wannan tsohuwar da ke yi masa wanka tana juya shi a gado, wata mai tausayi ce daga maƙwabta. In ta ce, "Ni ce fa," sai ya yi murmushin jin kunya ya ce, "Kayya, baiwar Allah, matata yarinya ce." Wani lokaci ya ƙi cin abinci, ya ce zai jira na hannun matarsa.

Da na zo taya jinya, na tarar Mama ta rame ta yi baƙi. Wata rana muna tsinke zogale ta ce mini, "Ɗiyata, ba mutuwarsa nake tsoro ba, kowa zai tafi. Tsorona ya tafi yana zaton ban dawo ba. Ya je gaban Allah da cewa na bar shi saboda tire." Ta ci gaba da tsinkar ganyen.

A littattafan da na taso da su, wanda ya manta masoyiyarsa yakan tuna in ya ji ƙamshin turarenta ko ya ga hoton aurensu. Na gwada duka. Na sa Mama ta ɗaura tsohon zanenta, na kawo hoton, na turara ɗakin. Ya dubi hoton ya sumbace shi, ya miƙa wa Mama ya ce, "Kin ga matar tawa. Ko ba kyakkyawa ba ce?" Ta ce, "Kyakkyawa ce," ta fita.

Babban ɗansa, taubashina, soja ne, ya samu hutu ya zo a lokacin. Tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ya tarar da ni da kaskon turare ya ce, "Malama marubuciya, a shafi na nawa ne majinyaci ke warkewa? Ko sai an kawo mota mai baƙin gilashi irin ta littattafanki?"

Na ce, "Kai da ka iya, sai ka ba shi oda ya tuna."

Bazara ce, zafi kamar ana gasa mutum. Likita ya riga ya gaya mana a fakaice cewa mu yi haƙuri. Kawu ya daina cin komai sai ruwa, ya koma maimaita magana ɗaya: "Ina injina? Zan je biko. Ku ɗaura mini shi a keke." Da ya dame mu, Mama ta ce daga bakin ƙofa, "Yana saman durowa. Ku sauko masa da shi." Ta juya ta koma madafa, ta ce ita ba za ta iya kallo ba.

Da la'asar muka share ƙurar kwalin, muka ɗora injin a kan tebur kusa da gadonsa. Fitilar gwangwanin ta yi tsatsa, lagwaninta ya bushe. Soja ya ce, "Wannan abar wasan yara? Bari a ba shi wuta ta gaske." Ya je ya ɗauko risho, ya kunna, ya tura ƙarƙashin ƙarfen. Har ya rufe taga, wai kada iska ta dami wutar. Ni ma na yarda da shi, a ganina in ƙaramar wuta na sa shi rawa, babba za ta sa shi gudu.

Ƙarfen ya lanƙwashe nan take, sikelin ya rinjaya, ƙwas. Muka yi tafi. Sai ya tsaya a sama, ya ƙi saukowa. Soja ya ƙara wuta. Shiru. Ya ɗan taɓa shi da yatsa, ya yarfe hannu yana tsaki.

"Kai! Wane jaki ne ya koya maka Fiziks?"

Muka juya. Kawu ne, ya ɗago kai daga matashi, idanunsa a buɗe tar, da muryar nan tasa ta aji wadda muka yi shekaru ba mu ji ba.

Soja ya ƙame kamar a gaban kwamanda ya ce, "Kai ne, Baba."

"Ƙarya kake. Ɗalibina ba zai yi wannan ba. Kashe abin nan, buɗe taga. Inji ba ya aiki da zafi kaɗai. In ba ka ba shi inda zai huce ba, ka kashe shi. Kawo ƙaramar fitila."

Na ruga na gyara lagwani, na zuba kananzir. Muka jira ƙarfen ya sauko, muka sa fitilar. Ya lanƙwashe, ya tashi, ƙwas. Muka zuba ido. Amma ɗakin ya riga ya ɗauki zafi, iskar da ke shigowa ta taga ita ma kamar daga murhu take. Ƙarfen ya rataye a sama, ya ƙi miƙewa. Na ga hasken da ya taso a fuskar Kawu yana dushewa. Ya koma kan matashi, ya ce da ƙaramar murya, "Haka ya yi mini a Manga. A gaban babanta. Ya ƙi tashi. Yanzu ba za su ba ni ita ba."

Ban ji shigowar Mama ba. Na dai gan ta a tsaye da maficin da take hura gawayi, toka a goshinta. Ta matsar da Soja da gwiwar hannu, ta durƙusa a gaban tebur. Ta kare fitilar da tafin hannunta na hagu, ta fara fifita ƙarfen da na dama, daga sama, a hankali. Ƙarfen ya miƙe, ya sunkuyo kan wuta. Ta tsayar da maficin. Ya lanƙwashe ya tashi, ƙwas. Ta sake fifitawa. Ba ta kallon kowa, kuma ko sau ɗaya harshen fitilar bai karkata ba. Ƙwas, shiru, ƙwas. Gwangwanin yashi ya fara hawa.

Kawu bai kalli injin ba. Hannunta yake kallo. Daga hannun ya hau zuwa kafaɗa, zuwa fuska, ya daɗe a nan.

"Ɗiyar Manga," ya ce. "Kin dawo?"

Maficin bai tsaya ba. Ta ce, "Na dawo."

"Yaushe?"

"Tuntuni. Kai ne ba ka duba ba."

"Kin tsufa."

"Kai fa? Ka ga kanka?"

Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. Ya miƙo hannunsa mai lafiya, ta ajiye maficin ta riƙe. Ya ce, "Ki yi haƙuri da tiren nan." Ta ce, "Na yafe tun kana da gashi." Soja, ƙaton mutum da ya ga yaƙi, ya fita da sauri yana cewa hayaƙin risho ya shiga masa ido. Ban tsokane shi ba, don ni ma ba na gani sosai.

Da yamma Kawu ya ce yana jin yunwa, kuma tuwon dawa yake so na hannun matarsa. Muna tuƙa tuwon ne Mama ta ba ni ƙarashen labarin da ta ɓoye shekara da shekaru. Ta ce ranar bikon ma bazara ce. Ya shimfiɗa injinsa a gaban mahaifinta da dattawan gida, yana gumi, yana bayanin cewa tagullar ba a banza ta tafi ba, yara za su koyi abin da ke tura jirgi da mota. Ya kunna fitila, abin ya tashi sau ɗaya ya maƙale. Dattawa suka fashe da dariya, mahaifinta ya ce, "Wannan ne ka yanka tiren uwata dominsa?" Ita tana leƙe ta bayan zana da mafici a hannu, tana jin yana ta faɗa wa kansa, "Bai huce ba ne, iska kawai yake so." Ta ce, "Na dubi mutumin da ya yi wa babana noma har hannunsa ya fashe, ga shi ana yi masa dariya a gidanmu. Ban san lokacin da na fito ba." Tun daga ranar ya koyi darasi, bai sake nuna injin ba sai da sanyin safiya.

Ban ce ya warke ba. Bayan wannan rana yakan ɓace ya dawo. Wani lokaci ya kira ni da sunan Inna, wani lokaci ya tambayi Soja ajin su nawa. Amma bai sake kiran Mama baiwar Allah ba, bai sake tambayar ko ta dawo ba. In ta fita ɗebo ruwa, idonsa na kan ƙofa har ta shigo. Wata rana ina gyara masa shimfiɗa na ji ya ce mata, "Kada ki sake tafiya ba sallama." Ta ce, "Kai ma kada ka kuskura ka tafi ba sallama." Ya ce, "Na ɗauka."

Ruwan farko ya sauka, gari ya yi sanyi, ƙamshin ƙasa ya cika gidan. Da hantsi, tana zaune a bakin gadonsa tana tsince wake, ya kira ta. Ta ce, "Ga ni." Ya ce, "Ɗiyar Manga, ajiye waken nan." Ta ajiye. Ya riƙe yatsunta ya ce, "To, ga sallamar." Ta ce, "Na karɓa. Ka sauka lafiya." Ta zauna tare da shi har hannun ya saki, sa'an nan ta rufe masa ido, ta fito ta kira mu.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya masa makwanci, ya saka masa da alheri a kan kowane yaro da ya buɗe wa ido. Allah ya ba Mama lafiya da tsawon rai, ya ba 'ya'yansa da Innata da ɗalibansa na nesa da na kusa haƙurin rashinsa. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Allah ya ba mu ikon gane waɗanda ke zaune a bakin gadonmu, ya ba mu bakin yi musu sallama.